ƊUMAMA 'YAN TSAKI IDAN WUTA TA ƊAUKE

Manomi, idan za ka zuba 'yan tsaki a lokacin hunturu, kada ka dogara da wutar lantarki. Tana iya ɗaukewa kwana uku ko fiye, ɗan tsako kuwa dare ɗaya na ɗari ya isa ya kashe shi. A makon farko yana bukatar zafi digiri 32 zuwa 35, sa'an nan a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako.

Janareta

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, wanda ya ce zai kwana yana ɗumama tsaki da janareta, to, ribarsa ce yake ƙonawa. Ka bar shi don haske da jawo ruwa. Fetur ba ya son ajiya, in ya yi watanni a jarka sai ya lalace ya toshe kafireto. Dizal ya fi jimrewa, amma injinsa ya fi tsada. Ka sayi na mako guda, ka ajiye a inuwa, nesa da murhu da rumbu. Janareta a waje ake tayar da shi, ba a ɗaki ko zaure ba.

Gawayi da kananzir

Don ɗumi, gawayi ya fi sauƙi. Ka hura shi a waje, sai ya zama garwashi hayaƙi ya ƙare, kana ka shiga da shi cikin kasko. Ɗora kaskon bisa bulo don kada ɓuntun da ka shimfiɗa ya kama, ka kewaye shi da ragar waya.

To, a nan ne mutane ke kuskure: su toshe kowace kafa wai don kada iska ta shiga. Garwashi yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Tana kashe tsaki, tana kashe mutum. Lalle ka bar kafa ta sama a buɗe, kuma kada ka sa yaro ya kwana a ɗakin.

In tsakin ba su da yawa, fitilar ƙwai ta isa. Amma sayi kananzir a gidan mai; in ka ji warin fetur a ciki, kada ka zuba a fitila, fashewa za ta yi.

Ba ka da ma'aunin zafi? Dubi tsakin. In sun taru bisa juna suna kuka, ɗari suke ji, ƙara garwashi. In sun gudu jikin bango suna haki, rage.