Kowace taya da aikinta

A jihar Maradi babur ya zama jakin zamani. Daga Gidan Rumji zuwa Tibiri, daga Cadawa zuwa Agye da Gazawa, ko'ina sai ƙararsa. Da shi ake kai hatsi kasuwa. Da shi ake kai mai naƙuda asibiti. Da shi ƴan kabu-kabu ke ciyar da iyalinsu.

Amma tayar babur ba ta daɗewa. Zafin kwalta yana cin ta, burji yana cin ta, ƙaya tana huda ta. Tayar baya ta fi shan wahala, domin ita ke ɗauke da lodi, kuma ita ke tura babur gaba.

Saboda haka wasu suke tambaya: ga amalanke yana shekara da shekaru da tsohuwar tayar mota, me zai hana a sa irinta a bayan babur?

Inda aka samo dabarar

A ƙasar Amurka akwai manyan babura, kamar Honda Gold Wing, wanda nauyinsa ya fi kilo 350. Wasu masu irin wannan babur sukan sa tayar mota a baya, don ta fi jimawa ba ta suɗe ba. Amma kamfanonin da ke ƙera taya sun yi gargaɗi a kan haka. Ga dalilansu.

Na ɗaya: siffa. Mota tana tsaye bisa ƙafa huɗu, shi ya sa bayan tayarta yake shimfiɗe kamar faifai. Babur ƙafa biyu gare shi. In zai sha kwana, sai ya karkata. Don haka aka yi bayan tayarsa da doro kamar ƙwarya, ko ya karkata tana riƙe da ƙasa. Tayar mota kuwa, in aka karkata ta, sai ta hau gefenta. Riƙonta ya ragu, babur ya ƙi bin hannu.

Na biyu: ƙarfen ƙafa. Bakin ƙarfen ƙafar babur daban yake da na mota. Tayar mota ba ta zama daidai a kansa. In aka matsa mata iska da yawa don ta zauna, tana iya fashewa a gaban mai faci.

Na uku: faɗi. Tayar ƙaramar mota ta ninka ta ƙaramin babur faɗi fiye da sau biyu. Ba ta da wurin shiga. In an tilasta ta, za ta gogi sarƙa.

To, amalanke fa? Amalanke ba ya gudu, kuma ba ya karkata a kwana. Sa ko jaki ke jan sa sannu a hankali. Nan tsohuwar tayar mota take da amfani.

Karatu a jikin taya

Wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci ba a cutar sa wajen sayen taya, domin an rubuta kome a gefenta.

Misali: 3.00-18. Lamba ta farko faɗin taya ce, wato inci 3. Ta biyu girman ƙarfen ƙafa ce, wato inci 18. Inci ɗaya ya yi wajen santimita biyu da rabi. Babur mai ƙafa 18 ba ya karɓar taya 17. Mai saye ya karanta lambar tsohuwar tayarsa, ya rubuta a takarda, ya tafi da ita kasuwa.

Yawancin tayoyi kuma suna da ranar haihuwa. Ana samun ta a ƙarshen layin da ya fara da baƙaƙen DOT, lambobi huɗu ne. Misali: 2322. Wannan na nufin mako na 23 na shekara ta 2022. Tayar da ta daɗe a ajiye takan bushe ta tsattsage, ko da ba a taɓa hawan ta ba.

In akwai alamar kibiya, ita ke nuna wajen da taya za ta riƙa juyawa.

Yadda taya za ta daɗe

1. A duba iska da safe, kafin taya ta yi zafi.
2. A rage lodi. Buhu biyu da mutum uku sun fi ƙarfin babur.
3. A cire ƙaya da ƙusa tun ba su nutse ba.
4. A daina taka birki da ƙarfi ba dalili.
5. In zanen taya ya shafe, ko zare ya fito, a canja ta. Suɗaɗɗiyar taya tana santsi da damina.

Sabuwar taya tana da tsada, gaskiya ne. Amma kuɗin ɗori da na magani sun fi nata, ga kuma gona ba mai nomawa. Araha ba ta ado.

Tambayoyi

1. Me ya sa bayan tayar babur yake da doro?
2. Me ya sa tayar mota ta dace da amalanke?
3. Mene ne ma'anar 2.75-17?
4. An rubuta 1021 a jikin taya. Yaushe aka yi ta?