Daga Gungu Zuwa Tudu: Darasin Ƙaurar Kainji

A darasin Tarihi, Malam ya ba mu labarin mutanen ƙasar Ailan. A shekarar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakawansu. Kafin 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu, wasu kamar haka kuma suka yi ƙaura, galibi zuwa Amurka. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi doka cewa wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar, za a mallaka masa eka 160. Wasu iyalai na Ailan suka kutsa daji suka kafa gonaki, a ƙasar da tun asali take da masu ita.

Da na ji wannan sai na tuna da kakata. Ita ba ta ƙetare teku ba, amma ta san abin da ake nufi da barin gida a fara rayuwa daga tushe. Don haka na ga ya kamata in ɗan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu irin tamu ƙaurar.

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da aka tare kogin Kwara, ruwa ya ja da baya har ƙasar Yawuri, ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Ya cinye tsohuwar Busa, ya cinye Gungun Foge da wasu gungaye masu yawa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar, daga ƙasar Borgu da ta Yawuri, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa.

A lokacin kakata tana 'yar shekara goma. Mahaifinta Bagunge ne, manomin albasa. Ta ce a gungu ba su san taki ba, domin ruwa yakan hau sau biyu a shekara: farin ruwa da damina, sa'an nan baƙin ruwa da hunturu, wanda yake tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini. Idan ruwa ya janye sai ya bar laka mai albarka. A nan ake dasa albasa, a riƙa ɗebo ruwa da ƙwarya ana ba ta. Ga gero a rumbu, ga kifi a bakin ƙofa.

Ranar tashi, in ji ta, suka loda tukwane da turmi da kaji da irin shuka a jirgin ruwa. Abin da ya fi sa kakarta kuka shi ne kaburburan iyayenta, waɗanda ba su ɗaukuwa.

A sabon ƙauye suka tarar da gidajen bulo da siminti a jere. Yara suka yi murna, manya kuwa suka yi tagumi. Ɗakunan da rana zafi, da dare sanyi, kuma ba a tsara su yadda za su ɗauki babban gida mai 'ya'ya da jikoki ba. Ba a daɗe ba maigida ya kwaɓa ƙasa ya gina ɗakuna irin nasu na gargajiya a gefe.

Amma babbar wahala tana gona. Ƙasar tudu ba ta san su ba, su ma ba su san ta ba. Sai da aka yi sassabe, aka tumɓuke kututture da gatari, aka kwashe duwatsu. Rafi ya yi nisa, mata suna fita ɗebo ruwa tun asuba. Daminar farko abin da aka girbe bai kai su bazara ba, har aka sayar da awaki aka sayi hatsi.

To, me ya cece su? Abu uku ne. Na farko, gayya: yau a taru a gonar wannan, gobe a ta wancan, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, ba su ji kunyar tambaya ba. Maƙwabtansu Kambari, waɗanda suka gwanance da noman tudu, su suka nuna musu irin dawar da ta dace da wurin da lokacin shukarta. Na uku, sun sa ido a kan sabon tafkin. Suka lura cewa da rani ruwa yakan janye ya bar danshi a gaɓa, sai suka koma dasa albasa a can. Samari kuma suka koyi jefa taru a ruwa mai faɗi daga Sarkawa, gama a shekarun farko kifi ya yi yawa ƙwarai, kafin daga baya ya ragu.

Darasin da na ɗauka shi ne, ana iya ba mutum gida a rana ɗaya, amma sanin ƙasa sai an shekara ana gumi. Haka yake ga mutumin Ailan a Amurka, haka yake ga Bagunge a Ngaski ko Shanga.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk lokacin da muka kunna lantarki muna karatun dare, mu tuna akwai waɗanda suka ba da gonakinsu da kushewar iyayensu. Waɗanda suka ga ƙaurar da idonsu sun tsufa, kullum raguwa suke yi. Idan mun je hutu, mu zauna da su, mu rubuta sunayen gungayensu kafin su ɓace kamar yadda gungayen suka ɓace. Iyaye kuma don Allah ku ba mu labarin. Allah ya jiƙan magabata, ya albarkaci ƙasarmu, amin.