Darasin Harshe: Kalmar "Majority" da Ma'anoninta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kalmar da za mu yi nazari a kai a wannan fitowa ita ce "majority". Kalma ce da kunnuwanmu suka saba da ita. A rediyo muna jin an ce Majority Leader ya faɗi kaza a majalisa, a taron ƙungiya wani yakan miƙe ya ce "majority carries the vote", a takardar jarrabawar WAEC kuwa tana nan tana jiran ɗalibi. In ka tambayi yaro ma'anarta, nan take zai ce maka "mafi yawa". Bai yi ƙarya ba, amma bai gama faɗin gaskiya ba, kuma a cikin ɗan abin da ya bari ne rigima take kwana.

Asalin kalmar daga Latin ne, daga "maior", wato "mafi girma", ta biyo ta Faransanci ta shigo Turanci. Waɗanda suka yi nahawu za su gane cewa wannan siga ce ta fifitawa, irin wadda muke kira af'alut tafdili, kamar akbar da aksar. Daga tushen nan ne aka sami "major", muƙamin soja da Bahaushe ya mayar manjo, da kuma "mayor", magajin gari. Abin sha'awa shi ne Hausa ma aro ta yi a wannan fage, sai dai ita ƙofar Larabawa ta je: "akasari" daga aksar yake, "galibi" daga galib. Namu na gida su ne "yawanci" da "rinjaye". A wajen furuci, a ɗora nauyin murya a kan gaɓa ta biyu, ma-JO-ri-ti, saɓanin "major" da nauyinsa ke kan gaɓar farko.

To, ga jigon darasin. A wurin ƙidaya, musamman ƙidayar ƙuri'u, majority tana nufin fiye da rabi. Wanda ya fi kowa yawa ba lallai ne ya haye rabi ba. Mu ɗauka ƙungiyarku za ta zaɓi amir, mutum 60 suka jefa ƙuri'a, 'yan takara uku. Na farko ya sami 25, na biyu 20, na uku 15. Na farko ya fi kowa, babu musu. Amma mutum 35 ba su zaɓe shi ba, kuma su ne fiye da rabi. Kafin a ce yana da majority sai ya kai 31. Abin da ya samu Amurkawa suna kiransa "plurality", mutanen Ingila kuma "relative majority". Larabci na zamani ya raba su sarai: aglabiyya nisbiyya ga na farko, aglabiyya muɗlaƙa ga wanda ya haye rabi, wato "absolute majority".

Kada wani ya ɗauka wannan tsirfa ce ta malaman makaranta. Kujerar shugaban ƙasa ta taɓa rataya a kanta. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce ba a zama shugaban ƙasa sai da fiye da kashi 50 cikin 100 na ingantattun ƙuri'un da aka jefa. A zaɓen Disamba 2008 Nana Akufo-Addo ne ya zo na ɗaya da kashi 49.13, John Atta Mills yana biye da kashi 47.92. Da "mafi yawa" ake nufi, da magana ta ƙare a ranar. Amma babu wanda ya haye rabi, sai aka koma zagaye na biyu, har sai da aka jira mazaɓar Tain ta yi nata zaɓen a ranar 2 ga Janairu 2009, Mills ya ci da kashi 50.23. Wanda ya fi yawa a farko bai hau ba. A zaɓen 'yan majalisa kuwa ba haka ake yi ba, duk wanda ya fi sauran yawa a mazaɓarsa shi ke tafiya, ko da da kashi 40 ne. Ƙasa ɗaya, rana ɗaya, ma'auni biyu.

Majalisar ma ta ba mu wani misali. A zaɓen 2020, cikin kujeru 275, NPP ta sami 137, NDC ma 137, saura kujera ɗaya ta ɗan takara mai zaman kansa daga Fomena. Sai da wannan mutum ɗaya ya ce zai zauna tare da NPP sannan ɓangarensu ya riƙe sunan Majority. Rabin 275 shi ne 137 da rabi, ka ga 138 ake nema, babu ragi.

Shi ya sa muke jan kunnen sakatarorin ƙungiyoyinmu na zongo masu rubuta dokoki da Turanci. In kun rubuta cewa za a yanke hukunci "by majority" kuka yi shiru, kun shuka gardama. Tambayar da kalmar take jawowa kullum ita ce: fiye da rabin su wa? Na waɗanda suka halarci taron, ko na duk masu suna a rajista? Ƙungiya mai mambobi 100, in mutum 30 suka zo, 16 sun isa su zama "the majority of members present", alhali "the majority of all members" sai 51. Tsarin mulkin ƙasa bai bar wannan a buɗe ba: ya ce majalisa tana yanke hukunci da rinjayen waɗanda suke wurin kuma suka jefa ƙuri'a, da sharaɗin a ce aƙalla rabin dukkan 'yan majalisa suna nan. Abubuwa masu nauyi, irin su gyaran wasu sassan tsarin mulkin, sai da "two-thirds majority", kashi biyu cikin uku. Ku yi koyi da wannan, musamman a kan abin da ya shafi kuɗin asusu da sauke shugaba.

Wannan tambaya ta "su wa" tana aiki ko a wajen siyasa. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 ne cikin 100 na mutanen Gana, Kirista kuwa kashi 71. A ƙasa baki ɗaya mu "minority" ne, aƙalliyya da Larabci. A Tamale kuwa Musulmi ne majority. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kowacce da da'irarta.

Akwai wata ma'ana da takan rikita mai karanta jaridun Ingila. In an ce "she won with a majority of 5,000", ba ana nufin ƙuri'u 5,000 ta samu ba. Ana nufin tazarar da ke tsakaninta da wanda ke biye mata ita ce 5,000.

Sai ma'anar da ta fi nisa da sauran, wato "age of majority". A nan babu batun yawa ko kaɗan, an koma ga asalin nan na girma. Shekarun da doka take ɗaukar mutum ya mallaki hankalin kansa ke nan, ya fita daga sahun "minor". A Gana, wanda bai kai 18 ba yaro ne a idon doka, kuma sai a 18 yake da ƙuri'a. A Ingila da can 21 ne, aka sauko da shi 18 daga shekarar 1970. Ɗalibanmu sukan fassara shi da balaga, mu kuwa ba ma son wannan fassara. Balaga a fiƙihu da alamomin jiki ake gane ta, sai in ba su bayyana ba a koma ga shekaru, 18 a mashhurin mazhabar Malikiyya, 15 a wurin Shafi'iyya da Hambaliyya. Yaro ɗan shekara 14 yana iya balaga, salla da azumi su hau kansa, amma a kotu har yanzu minor ne. Larabawa da kansu ba su ce bulug ba a dokokinsu na zamani, sinnur rushdi suke cewa, kuma shi ya fi dacewa.

Haka nan masu juya karatu daga Larabci zuwa Turanci su kiyaye kalmar jumhur. "Jumhurul ulama" shi ne "the majority of scholars", kuma faɗin haka kansa shaida ne cewa akwai waɗanda suka saɓa. Ijma'i kuwa "consensus" ne. Wanda ya musanya su ya shafe saɓanin da malamai suka yarda da samuwarsa, ko ya ƙirƙiro saɓani inda babu.

Yanzu nahawu, inda maki suke zubewa a jarrabawa. Na farko, kalmar ba ta tafiya tsirara. A bakin titi muna jin "majority of the boys", har a rediyo ma, amma mai gyaran takarda yana son "the majority of the boys" ko "a majority of the boys". Na biyu, wane fi'ili ke binta? In jam'i ya biyo bayan "of", fi'ilin jam'i ne: "The majority of the students are fasting." In ta tsaya ita kaɗai, duka biyun sun halatta, "the majority is" in ana kallon su dunƙule ɗaya, "the majority are" in ana kallon ɗaiɗaikunsu. Ɗalibin nahawu ba zai ga baƙon abu ba a nan, domin ya san kula da lafazi da kula da ma'ana a kalmomi irin su man da kullu.

Na uku, majority ta fi dacewa da abin da ake ƙirgawa: mutane, gidaje, ƙuri'u. Za ka ji Turawa da kansu suna cewa "the majority of the work", amma masu tsanani a cikinsu ba sa so, kuma ba ka san hannun wanda takardarka za ta faɗa ba. Ga ruwa da kuɗi da lokaci, ka ce "most of the water", "most of the money", ko "the bulk of the goods" in kaya ne. A gaskiya ma sau da yawa "most" ta fi kyau ko ga mutane, ta fi gajarta kuma ba ta da girman kai. Sai dai ita ma da tarkonta: ko dai "most students", ko "most of the students". "Most of students" kuskure ne.

Ga aiki kafin fitowa ta gaba. A gyara wannan jimla: "Majority of the rice were sold before noon." Sannan a amsa: a zaɓen da mutum 81 suka jefa ingantattun ƙuri'u, nawa ɗan takara yake bukata kafin a ce yana da absolute majority, nawa kuma kafin a ce two-thirds? A miƙa amsa ga editan mujalla.