NOMAN LAMBU A CIKIN RUWA: YADDA AKE FARAWA

Da yawa daga cikin mazauna birane suna sha'awar noman kayan miya, amma ba su da fili, ko kuwa ƙasar gidansu ta mutu. To, ya kamata mai karatu ya sani cewa abin da shuka ke nema a cikin ƙasa shi ne ruwa, da abinci, da iska, da wurin kafa saiwa. In an tanadar mata waɗannan, za ta girma ko ba ƙasa. Wannan dabara ita ake kira haidrofonik, sunan da William Gericke na Jami'ar Kalifoniya, a Amurka, ya yayata a shekarar 1937.

Ga mai farawa, hanya mafi sauƙi ita ce wadda Bernard Kratky na Jami'ar Hawayi ya bayyana, domin ba ta bukatar famfo ko wutar lantarki. A sami bokitin roba mai murfi, wanda haske ba ya ratsawa, gama haske yana kawo gansakuka. A huda murfin, a zura ƙaramin kofi mai huje-huje, a cika shi da tsakuwa wankakkiya ko ƙaiƙayin shinkafa, sa'an nan a dasa ɗan tsiron latas a ciki. A zuba ruwan taki har ya taɓa gindin kofin. Kowane gindin latas yana bukatar kimanin lita 4.

Ga inda mutane suka fi yin kuskure. Yayin da shuka ke shan ruwa, ruwan zai riƙa raguwa, sai a sami sarari tsakaninsa da murfi. Kada a yi garajen cika bokitin! Saiwoyin da ke cikin wannan sarari su ne ke shaƙar iska. In an nutsar da su, shukar za ta yi yaushi ta mutu, alhali kuwa tana tsaye cikin ruwa. A ƙasarmu mai zafi abin ya fi tsanani, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Saboda haka a lulluɓe jikin bokitin da buhu ko tabarma, ganye kaɗai ya sha rana.

Batun taki kuwa, lalle a nemi wanda aka haɗa musamman domin wannan aiki. Takin zamani na gona ba ya narkewa duka, kuma yawanci ba shi da kalsiyam da maganiziyam da sinadarin ƙarfe isassu. A auna tsamin ruwan da takardar awo; abin da ake so shi ne pH 5.5 zuwa 6.5.

A fara da latas ko alayyafo, waɗanda ake tsinka cikin mako 5 zuwa 6 bayan dashe. Tumatir da tattasai suna da shan ruwa ƙwarai, a bar su sai hannu ya faɗa. A kuma toshe duk wata kafa a murfin, kada bokitin ya zama gidan sauro.