Dalma ko Lithiyom: Wane Batir Ya Dace da Tsohuwar Motar Lantarki?

A shekarar 2001 wani kamfani a birnin Bangalore na Indiya ya fara fitar da wata 'yar ƙaramar motar lantarki mai suna REVA, wadda daga baya ta yi suna a titunan Landan da sunan G-Wiz. A ƙarƙashin kujerunta na gaba an jera baturan dalma guda takwas, kowanne volt 6, jimla volt 48, kuma caji ɗaya kan kai ta kimanin kilomita 80. A 2009 kamfanin ya fito da irinta mai batirin lithiyom. Nauyinta ya ragu da kusan kilo 100, tafiyarta ta kai kimanin kilomita 120.

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, ƙananan motocin lantarki da adaidaita sahu masu caji suka ƙara samun karɓuwa, kuma da yawansu da batirin dalma suke zuwa. Bayan shekara ɗaya ko biyu motar da ke yini a titi sai ta fara gajiya kafin azahar. Mai wannan rubutu, wanda haɗawa da gyaran baturan motoci da na sola ce sana'arsa, tambaya ɗaya ya fi sha daga masu irin waɗannan motoci: "Injiniya, in sake zuba irin na da, ko in daure in sa lithiyom?" Amsar da yake bayarwa ta dogara ne a kan abu biyu: yawan aikin da motar ke yi, da kuma lafiyar sauran kayan wutar da ke jikinta.

Da farko a san motocin da zaɓin ya shafa. Su ne masu ƙaramar wuta, volt 48 ko 60 ko 72: irin REVA, da ƙananan motocin da ake ƙerawa a Sin, da motocin filin golf, da adaidaita sahu. Mota irin Nissan Leaf, wadda ta fito a 2010 da batirin lithiyom mai kusan volt 360, ba ta cikin wannan magana. Dalmar da ke jikinta ƙaramin batirin volt 12 ne kawai, mai kunna fitilu da kwamfutar motar.

Batirin dalma tsohon hannu ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau yana kasuwa saboda araha da juriya. Matsalarsa nauyi. Motar EV1 da kamfanin General Motors ya fitar a Amurka a 1996 tana ɗauke da baturan dalma masu nauyin fiye da rabin tan. Kowane kilo na batirin dalma yana riƙe wat-awa 30 zuwa 40 ne, alhali kilo ɗaya na lithiyom irin LFP yana riƙe ninki uku ko fiye.

Ga misalin da mai rubutu kan zana wa masu mota a bayan rasit. Batirin Trojan T-105, sananne a motocin golf, volt 6 ne, amp-awa 225, nauyinsa kilo 28. Guda takwas sun kama kilo 224, kuma a takarda suna riƙe kilowat-awa 10.8, wato kusan yunit 11 irin wanda ake saya a mitar gida. To amma wannan adadi an auna shi ne ana jan wutar a hankali tsawon awa 20. Mota kuwa zuƙa take yi da ƙarfi, kuma dalma idan aka matsa mata sai ta ba da ƙasa da abin da aka rubuta a jikinta. Sannan duk mai son ta daɗe ba ya bari ta sauka ƙasa da rabi. Abin da ake mora a zahiri bai wuce yunit 5 ba. Batirin LFP mai volt 51.2 da amp-awa 100 yana riƙe yunit 5.1, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa kullum, nauyinsa kuma kimanin kilo 50 ne. Bambancin ya haura kilo 170, kamar a sauke buhun siminti uku da rabi daga cikin mota. Taya da birki da shokazoba duk sai sun samu sauƙi.

Sai maganar daɗewa. Batirin dalma mai kyau, idan ana sauke shi sosai, yakan jure caji da saukewa sau 500 ko makamancin haka. LFP na gaske yakan wuce sau 2,000. Mai adaidaitan da ke fita kwana shida a mako zai cinye 500 kafin shekara biyu, 2,000 kuwa za su kai shi fiye da shekara shida. Ga wannan mutum dalma ce mai tsada, domin sai ya saya sau uku ko huɗu kafin lithiyom ɗaya ya gaji. Amma dattijon da ke fitar da motarsa sau biyu a mako, zuwa masallacin Juma'a da kasuwa, 500 za su kai shi kusan shekara biyar.

Zafi yana taɓa wannan lissafi. A ma'aunin digiri 25 ake gwada batura, kuma ƙa'idar da masu ƙera dalma ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba tsawon rayuwarta biyu. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kujerar motar da ta yini a rana. Sakamakon ana ganinsa a gareji: a ɗaga kujera a tarar da gefen batir ya kumbura, farin gari mai ratsin shuɗi ya toho a kan kawunansa, a buɗe murfi a haska tocila a ga faranti a bushe ya leƙo sama da ruwa. Wurin da ya bushe ya mutu ke nan. Lithiyom ma ba ya son zafi, musamman a lokacin caji, don haka kowanne aka zaɓa a yi masa caji a inuwa, bayan motar ta huce.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen sauyin kansa. Cire dalma a dasa lithiyom ba tare da taɓa komai ba ganganci ne, domin abubuwa huɗu sai an duba su.

Na farko caja. Cajar dalma takan ɗaga wuta lokaci lokaci don daidaita batura, kuma takan ci gaba da ɗura kaɗan kaɗan bayan sun cika. Batirin LFP kuwa ƙananan sel aka jera a cikinsa, kuma kowane sel volt 3.65 ne iyakarsa. Dole a sauya cajar ko a sake saita ta.

Na biyu allon da ke tsaron batirin, wanda ake kira BMS. Shi ke lura da kowane sel, ya yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko batir ya sauka ƙwarai, ko ya ɗauki zafi. An taɓa kawo wa mai rubutu wata ƙaramar mota da aka sa wa batirin lithiyom irin na sola, mai kyau kuwa, sabo dal. A miƙaƙƙen titi tana tafiya lafiya, amma da ta ɗauki mutum huɗu ta nufi hawan gada sai komai ya ɗauke. Mai ita ya ce, "Wallahi Injiniya, sai da muka fito muka tura ta, motoci na ta yi mana oda." Batirin ba shi da laifin komai. Allonsa amp 100 aka ƙera shi ya bari ya wuce, motar kuwa a kan tudu tana neman ninki biyu ko fiye. Batirin bango na gida daban, na mota daban, ko da volt ɗinsu ɗaya.

Na uku kantirola, wadda ke raba wa injin wuta. Sel 16 na LFP suna ba da volt 51.2, sun dace da tsarin 48. Sel 24 suna ba da 76.8, sai an tabbatar kantirolar 72 za ta ɗauka. Idan motar tana mayar da wuta cikin batir yayin taka birki, a saita ta yadda ba za ta tura wa cikakken batir wuta ba, domin idan BMS ya yanke a wannan lokaci kantirolar na iya ƙonewa.

Na huɗu mitar caji. Tsohuwar mita volt take karantawa, shi kuwa LFP volt ɗinsa kusan a tsaye yake har ya kusa ƙarewa. Sai direba ya ga mita a sama, jim kaɗan mota ta tsaya. Maganinsa mita mai ƙirga amp ɗin da ya shiga da wanda ya fita.

A kula kuma da irin lithiyom ɗin. Tun da kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991 an samu iri iri. LFP ya fi sauran wuyar kama wuta, shi ya sa ya dace da tsohuwar motar da ba ta da na'urar sanyaya batir. A kasuwa akwai akwatuna masu sheƙi da aka cika da tsofaffin sel na kwamfutar cinya. Mai saye ya nemi a auna ƙarfin batirin a gabansa, ya ga takardar bayanin sel da ta BMS, ya karɓi garanti a rubuce.

Wanda motarsa ta riga ta tsufa, ƙasanta ya ci tsatsa, ko kuɗinsa ba su kai na LFP na gaske da caja da mita ba, gara ya tsaya a dalma. Sai dai ya sayi mai jure saukewa sosai, kada ya yarda da batirin tayar da motar fetur, wanda 'yan watanni zai yi ya mutu. Ya sauya baturan gaba ɗaya, domin tsoho ɗaya a jeri yana jan sababbi ƙasa. Ya yi caji duk ranar da ya fita, kada ya bar su su kwana a sauke. Ya riƙa duba ruwa a kai a kai, ya ƙara tataccen ruwan batir kaɗai, ba na rijiya ko na leda ba, ba kuma asid ba. Wurin cajin ya kasance iska na ratsa shi, saboda iskar da dalma ke fitarwa tana kama wuta.

Saura inda tsohon batir zai tafi. Dalma na da daraja, shi ya sa 'yan gwangwan ke rububinta, kuma a Amurka kusan kashi 99 cikin ɗari na irin waɗannan batura ana sake sarrafa su a masana'antu. Fasa su a tsakar gida kuwa guba ce. A Thiaroye-sur-Mer, wata unguwa a gefen Dakar ta Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar dalmar da ake cirewa daga tsofaffin batura a cikin unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa. Don haka mai mota ya miƙa tsofaffin baturansa ga dillalin da ya sayar masa da sababbi, a rufe, da ruwansu a ciki, a cire masa kuɗinsu daga farashi. Kafin a zo ɗauka, ya ajiye su a tsaye a kan katako, nesa da rijiya da madafa da wurin wasan yara.