Ga Ɗana Mai Son Kurket

Ɗana, an ce ka jingine sandar kurket ɗinka, wai a Suleja kowa ƙwallon ƙafa ya sani, ga shi kuma kana ganin ka makara. Bari in ba ka labarin Basil D'Oliveira.

A Cape Town ta Afirka ta Kudu aka haife shi a 1931. Dokar wariyar launin fata ta hana shi taka filayen ciyawa na Turawa, sai ya koyi wasa a kan tabarma da ake shimfiɗawa a busasshiyar ƙasa, irin ta filin makarantarku. Ƙuruciyarsa duk a can ta ƙare. Yana da shekara 28, a 1960, John Arlott na BBC ya taimaka aka samo masa gurbi a wata ƙaramar ƙungiya, Middleton, a Ingila. Kuɗin tafiyar ma karo-karo jama'arsa suka yi masa. Da ya isa, sanyi da jiƙaƙƙen fili suka rikita shi, wasanninsa na farko ba su yi kyau ba. Bai ji kunyar tambaya ba, aka gyara masa hannu, kafin kakar ta ƙare yana sahun gaba. A 1966 ya fara buga wa Ingila.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne 1968. Ingila za ta kai ziyarar wasa Afirka ta Kudu, gwamnatin can kuwa ba ta son ganinsa cikin tawagar. Aka turo masa ɗan kasuwa da tayin aikin koyarwa mai gwaɓin albashi, muddin zai janye. Mutum mai iyali, ƙarfi ya fara tafiya, wa zai zarge shi? Bai karɓa ba, bai kuma zagi kowa ba. Ya shiga filin Oval ya ci maki 158 a kan Ostireliya. Da farko ba a sa shi cikin tawagar ba; da aka sa sunansa daga baya, Firaministan Afirka ta Kudu Vorster ya ƙi amincewa da tawagar, aka soke ziyarar. Daga 1970 sai da Afirka ta Kudu ta kai 1991 a ware daga kurket na duniya.

Kai hanyarka ta fi tasa sauƙi, ɗana. Matasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun buga gasar duniya a 2020, a wannan Afirka ta Kudun. Abuja, inda ake da filin kurket, ba nisa. Ranar Asabar ka yi sammako ka je ka gabatar da kanka ga masu horarwa, kuɗin mota na wuyana.