Darasi Na Shida: Tafiyar Da Wuraren Wasanni Na Ƙananan Hukumomi

Filayen wasa da wuraren iyo na ƙaramar hukuma dukiyar al'umma ce, sai dai kula da su yana cin kuɗi. A Ingila, manyan hanyoyin tafiyar da su uku ne. Ta farko, hukuma ta riƙe su da kanta. Ta biyu, ta ba kamfani kwangila. Ta uku, ta damƙa su ga ƙungiyar da ke mayar da ribarta cikin aikin, kamar GLL, wadda ta karɓi wuraren hukumar Greenwich ta Landan a 1993 saboda ƙarancin kuɗi. Ko wacce aka zaɓa, ma'auninta ɗaya ne: ɗan talaka ya iya biyan kuɗin shiga.

Jinga: A tattauna alfanu da illar kowace hanya.